Dokar Filaya

Wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Janar, kuma wata huɗu ke nan rabon da a ga hannunsa na dama a wajen aljihu. Tela yana samun labarinsa safe da yamma, domin matarsa ƙanwar Janar ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita take zuwa gidan ta dawo da rahoto. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda. Bakin ma ya miƙe, sai dai maganar ta yi nauyi. Hannun ne ya ƙi, ko kuma a ce mai hannun ne ya ƙi. Likita ta ba shi wata 'yar ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa, ta kuma faɗa masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: idan ya bar yatsun nan a dunƙule na wasu watanni, za su sandare a haka, ba mai sake buɗe su. Ƙwallon tana can ƙarƙashin gado inda ya harba ta tun ranar farko.

Janar ba soja ba ne, ko bindigar harbin tsuntsu bai taɓa riƙewa ba. Mai walda ne, shekara talatin yana haɗa ƙofofi da tagogi da ƙafafun gado a shagonsa na ƙarshen layi, kusa da famfon da ba ya kawo ruwa. Sunan ya samo asali ne daga wani wasan yaƙi da su uku suka ƙirƙira a ɗakin bayan shagon, shi da Tela da wani mai gyaran rediyo da suke kira Farfesa. Farfesa ya rasu shekara uku da suka wuce. Tun daga nan ba wanda ya sake ɗaga tamfol ɗin da aka rufe teburin wasan da shi.

Wata rana da hantsi matar Tela ta shigo shagonsa, ta tsaya a kansa yana kan keke yana ɗinka aljihun wando. Ta ce yau ma da hagu Yaya ya sha shayi, ya zubar da rabi a riga, da ta ce ya gwada dama sai ya juya mata baya ya fuskanci bango. Maiɗakin Yaya ta yi lallashi har ta gaji, ta yi faɗa har ta gaji, yanzu ta koma kuka a kicin.

"Kai kuma da kuka yi shekara ashirin kuna musu a kan sojojin fulogi," in ji ta, "yanzu da ake neman mai musu da shi ka zama bebe. Kullum ka je sai sannu Yaya, ya jiki Yaya. Tun ranar ɗaurin aurenmu rabon da in ji ka kira shi Yaya."

Tela ya san gaskiya ta faɗa. Yakan je ya zauna a bakin kujera kamar baƙo, ya tambayi jiki, su yi shiru suna kallon fanka, ya tashi. Da ta fita sai ya tsayar da keke, ya miƙa hannu bayan madubin gwajin kaya, ya zaro mabuɗin da yake rataye a ƙusa.

Ɗakin bayan shagon waldar yana nan da warinsa na tsatsa da baƙin mai. Ya tura tagar langa-langa haske ya shigo, sannan ya ja tamfol ɗin a hankali. Teburin ba wani tebur ba ne, tsohuwar ƙofa ce aka kwantar a kan gangunan mai guda biyu. Amma a kanta akwai duniya guda. Duwatsun simintin da ya daskare a buhu ne, aka farfasa. Garin gwangwanayen madara ne da aka huda musu tagogi. Dajin soson ƙarfe ne da aka shafa wa koren fenti. Kogin kuwa wani shuɗin ƙyalle ne da ya rage daga rigar wata mata da ba ta taɓa dawowa karɓar ɗinkinta ba, an ɗora masa guntun ƙarfe a matsayin gada. Tela ya tsaya yana kallo, sai ya ji kamar idan ya juya zai ga Farfesa a kan bokitin da yake kifawa ya zauna, fensir a bayan kunne.

Farfesa ne ya jawo musu abin. Suna samari ya sayi kwalin tsofaffin rediyo na gwanjo, a ƙasan kwalin ya tarar da 'yan sojojin roba guda shida, kowanne bai fi babban yatsa ba. Suna sanye da sulke mai kauri tun daga kai har ƙafa, da wani abu kamar tanki a baya. Tare da su akwai rabin wani ɗan littafi cikin yaren da ba wanda ya iya karantawa a layin, amma a hotunan an ga manyan mutane masu gemu sun kewaye tebur, ɗaya yana jefa ƙwayar ludo, ɗaya yana auna tsakanin soja da soja da tef. Tela yana ganin tef ya ce wannan ai aikinsa ne. Mai walda ya ce soja shida ba yaƙi ba ne, faɗan unguwa ne, ya je ya tattaro tsofaffin fulogi a wurin makanikai, ya yi musu kafaɗu da noti, hannuwa da waya, bindigogi da ƙusa. Kafin wata ya ƙare kowa yana da runduna ta mutum goma sha biyu. Farfesa ya sayo littafin rubutu mai jan bango ya zama marubucin doka, don duk da cewa ba wanda ya gama makaranta a cikinsu, rubutunsa ne kaɗai ba ya kama da sawun kaza.

Dokokin tafiya da harbi ba su ba su wahala ba. Inda aka yi tirjiya shi ne a kan tambaya ɗaya da Farfesa ya jefo yana shan shayi: sulke irin wannan, da ya ninka mai shi nauyi sau biyar, da injinsa da komai, yaya mutumin da ke ciki yake sarrafa shi? Wata biyu aka yi ba a jefa ƙwaya ba, sai musu.

Farfesa ya ce waya ce ake liƙa wa mutum a ƙeya, ta riƙa kamo tunaninsa kamar yadda eriya take kamo tasha. Ka yi niyyar tafiya, sulke ya tafi. Tela ya ce a'a, sulke riga ce, kuma rigar da aka yanka daidai jiki ba ta bukatar a gaya mata komai. Shafin ciki ne yake jin motsinka, ka ɗaga hannu kaɗan, inji ya ƙara masa ƙarfi. Mai walda ya saurare su har suka gama, ya ce daga gani ba wanda ya taɓa aiki da ƙarfe a cikinsu. Ƙarfe ba ya jin tunani, ba ya jin lallashi. Mutumin ciki liba yake riƙe da su, ɗaya a kowane hannu, da feda a ƙafa, kamar direban katafila. Ba ya jin abin da ya taɓa, kamar yadda shi ba ya jin komai idan ya sa safar hannu ta walda. Sai ya koya, sai ya faɗi ya tashi, sai hannu ya saba.

Da aka ga ba mai sauka, Farfesa ya yanke hukunci cewa kowa ya tafi da nasa, amma kowane allazi da nasa amanu. Shi rundunarsa ba ya taɓa ta da hannu, umarni kawai yake bayarwa da baki wani ya matsar masa. Sojojinsa sun fi na kowa sauri, amma duk abin da ya fito daga bakinsa a lokacin wasansa umarni ne, tunda sulken ba ya bambance tunani da niyya. Wata rana da aka matsa masa lamba ya yi tsaki ya ce shi fa gara ya koma gida, nan take suka juya masa sojojinsa goma sha biyu suka nufi gida, yana rantsuwa yana cewa ba haka yake nufi ba. Tela yana matsar da nasa da yatsu, sai dai tunda jikin mutum ne yake jan sulken, kowane zagaye na uku dole su tsaya su huta, ko da wuta ake musu.

Na mai walda kuwa sun fi kowa tauri, sai ƙwaya ta nuna shida harsashi yake huda su. Amma ba a matsar da su sai da safar walda a hannun dama da doguwar filaya. Idan soja ya suɓuce ya faɗi, zai kwanta a inda ya faɗi zagaye biyu, kamar kunkuru a rigingine. Idan ya ture gida ko ɗan'uwansa, an lissafa. Idan ya gangaro daga tebur ya mutu, a jefa shi a gwangwanin da suke kira maƙabarta. Shi da bakinsa ya tsara dokar, Farfesa ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmomin da aka rufe ta da su: ba sani ba sabo. Daga ranar ya zama Janar.

Shekaru suka yi ta tafiya a ɗakin nan, kowace ranar hutu da yamma. Rediyon wani da aka kawo gyara tana waƙa a kan taga, shayi yana hucewa a kofuna ba a sha ba, ana rigima a kan rabin inci. A nan Tela ya fara ganin matarsa da kyau. An aiko ta kiran yayanta, ta tarar da ƙarti uku sun sunkuya a kan gwangwanayen madara, ta yi dariya har sai da ta dafa ƙofa. Ta ce ita kam ba za ta taɓa auren mutumin da yake auna yaƙi da tef ba. Shekara ta zagayo ta aure shi. A nan kuma Janar ya ƙera Toron Giwa, shugaban rundunarsa, daga wani ƙaton fulogi, ya ɗora masa notin tagulla a ka. Tela yana iya rufe ido ya ga yadda Janar yake ɗaga shi da bakin filaya, ya ratsa da shi tsakanin gidaje biyu ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba, ya dire shi a tsakiyar gada yana fito.

Yana tsaye a wurin dabara ta zo masa, kuma ya ji daɗin kansa ƙwarai. Ga rundunar Farfesa nan a kwalinta, rundunar da ba ta bukatar hannu. Janar zai zauna a kujerarsa ya ba da umarni, shi kuma ya matsar masa. Wasan zai dawo, ba wanda zai ji kunya. Ya naɗe shuɗin ƙyallen, ya ɗebi gwangwanaye shida da rundunarsa da ta Farfesa. Safar hannun da filayar ya bar su a kan ganga tare da sojojin Janar, don kada ganinsu ya tayar masa da hankali.

Ya tarar da Janar a baranda, sanda a jingine da gwiwa, hannun dama a aljihu. Ya jawo ƙaramin tebur gabansa ya shimfiɗa ƙyallen. Sai ya ga idon mutumin ya canza, har ya ɗan matso gaba a kujera, abin da bai yi ba cikin wata huɗu. Ya bi gwangwanayen da kallo, ya bi sojojin Tela, ya tsaya a kan na Farfesa.

"Ina nawa?" ya tambaya, kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Tela ya shiga bayani da murna. Ya ce ya ga kamar zai fi sauƙi Yaya ya ɗauki na marigayi yanzu, tunda su da baki ake tafiyar da su. Shi dai ya faɗa kawai, ko ya nuna da ido ma, za a matsar masa duk inda yake so. Yana magana yana jin muryarsa tana raguwa, don Janar ya koma ya jingina da bayan kujera.

"Shekara ashirin ina gaya wa mutumin nan sulkensa na malalata ne," in ji Janar. "Ya mutu, ka kawo min gadonsa." Ya numfasa. "Idan mai matsar da ni nake nema ai ina da su. Safe da yamma ana matsar da ni. Kwashe kayanka, suruki. Na gode."

Tunda suke bai taɓa kiransa suruki ba. Tela ya tattara gwangwanayen suna ƙara a hannunsa, ya fito ko sallama bai iya yi da kyau ba. Da ya ba matarsa labari ta dube shi ta ce garin neman gira ya rasa ido, ta ci gaba da guga. Kwana biyu Janar bai fito baranda ba ma.

A rana ta uku Tela ya koma ɗakin bayan shago don ya mayar da kayan inda ya ɗauko su, ya rufe, magana ta ƙare. Yana saka sojojin Farfesa a kwali ya ga jan littafin a ƙasa. Ya zauna a kan bokitin marigayi ya buɗe, ba don komai ba sai don ya ga rubutun. Dokoki ne a shafukan farko, ya san su kamar sunansa. Amma daga baya Farfesa ya riƙa rubuta sakamakon kowane wasa, da 'yan maganganunsa a gefe, kuma Tela bai taɓa komawa kan waɗannan ba.

Wasa na farko: Janar ya kife sau goma sha huɗu, Tela ya ci. Na biyu: Janar ya rushe garinsa da kansa, ba a harba masa ko harsashi ɗaya ba. Na biyar: sojoji bakwai a maƙabarta, duk daga filaya. Tela ya yi ta juya shafi yana mamaki. Wata bakwai cur Janar bai ci wasa ko ɗaya ba. Shi ya manta da wannan sarai, gwanin kawai yake tunawa, mai fito a kan gada. Can a wasa na tara ya ga inda Farfesa ya rubuta da ƙananan baƙaƙe: "Mun ce ya cire safar ya yi da filaya kaɗai. Ya ce idan muka sake yi masa tayin sauƙi zai ƙone tebur. Ya kife sau goma."

Tela ya daɗe a zaune da littafin a cinya. Sannan ya yage takarda daga shafin ƙarshe, ya zaro alƙalami, ya rubuta irin wasiƙar da suke aika wa juna a da idan wani ya yi nawar zuwa: "Rundunar Tela ta kama gada. Idan akwai sauran namiji a rundunar ƙarfe, ranar hutu ƙarfe huɗu. Dokar filaya tana nan yadda take." Ya ba matarsa ta kai. Ta karanta a hanya, ta dawo ta tambaye shi ko ya haukace ne, mutumin da ko cokali ba ya riƙewa. Ya ce ta kai dai. Ta kai, ta ce Yaya ya karanta, ya ninke da hagu ya sa a aljihu.

Ranar hutu Tela ya share ɗakin, ya goge kowane fulogi da ƙyalle, ya jera rundunar ƙarfe a hayin kogi, Toron Giwa a gaba. Ya ajiye safar da filayar a gefensu. Ƙarfe huɗu ta yi ta wuce. Ya gyara dajin da bai karkace ba, ya sake auna gadar da ya san tsawonta. Da huɗu da rabi ta gota ya fara tunanin jan tamfol, sai ya ji ƙarar sanda a kan simintin shago, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba. Janar ya bayyana a bakin ƙofa yana haki, ƙanwarsa a bayansa ɗauke da kujerar roba.

"Wa ya ba ka izinin kama min gada?" in ji shi.

"Na tarar da ita ba mai gadi, Janar. An ce mai gadin yana baranda yana kallon fanka."

Janar ya yi wani gurnani ya zauna. Ya zaro hannun daga aljihu. Tela bai gan shi ba tun kwanan asibiti; ya rame, yatsun sun lanƙwashe cikin tafi kamar na mai ɓoye tsaba. Ƙanwar ta yunƙuro za ta taimaka, ya dube ta sau ɗaya ta koma. Tela ya sunkuya yana auna abin da ba ya bukatar awo. Yana jin numfashin mutumin, yana jin ƙarar tsohuwar fatar safar, yayin da Janar yake buɗe yatsun da hagu ɗaya bayan ɗaya yana cusa su. An fi minti goma. Daga ƙarshe ya danna filayar cikin tafin, ya dafa gefen tebur da hagu, ya ce a jefa ƙwaya.

Sojan farko ya ɗaga shi da ƙyar, bakin filaya yana rawa, ya matsar da shi inci biyu ya dire, sojan ya yi tangaɗi ya tsaya. Na biyu ya suɓuce ya faɗi a bakin kogi. Tela ya ce zagaye biyu, muryarsa ƙasa-ƙasa, Janar ya gyaɗa kai. Na uku ya ture gwangwani. Gumi ya fara tsattsafowa a goshin Janar, amma idonsa yana kan gada, kuma Tela ya san abin da yake shirin yi, don shekara ashirin haka yake buɗe yaƙi.

A zagaye na huɗu ya kai filaya kan Toron Giwa. Ya fi sauran nauyi sau biyu. Sau uku bakin filayar yana zamewa daga notin tagullar, a na huɗu ya kama. Ya ɗaga shi, ya tsallake da shi daji, ya kawo shi saitin gada, hannun gaba ɗaya yana kakkarwa tun daga kafaɗa. Saura kaɗan ya dire yatsun suka saki. Toron Giwa ya bugi ƙarfen gadar, ya mirgina ta kan shuɗin ƙyalle, ya bi gefen ƙofar a hankali kamar mai shawara, ya faɗo ƙasa ya gangara ƙarƙashin ganga.

Matar Tela ce ta fara magana. Ta ce ai teburin ne ya karkace, kowa ya gani, gangar nan ta lotsa tun da daɗewa, a mayar masa da abinsa a sake. Tana faɗa tana hararar mijinta, tana girgiza masa kai ta bayan yayanta. Tela ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin gangar ya zaro fulogin, ya goge masa ƙura da gefen rigarsa. Gadar tana nan kusa da hannunsa. Dire shi a kai ba zai ɗauki komai ba, kuma zuciyarsa duk can ta karkata. Ya ɗago ya ga Janar ba gadar yake kallo ba, shi yake kallo, irin kallon da ya yi masa a baranda kafin ya jingina da kujera.

Tela ya miƙa hannu ya saki Toron Giwa a cikin gwangwanin maƙabarta. Ƙarar ta cika ɗakin.

"Ya mutu," in ji shi. "Ba sani ba sabo."

Matarsa ta kama baki. Janar ya dubi gwangwanin, ya dubi filayar da take rataye a safarsa. Sai ɓarin bakinsa mai lafiya ya fara motsi, ɗayan ya biyo shi a makare, wata dariya mai kama da tari ta fito.

"Mugu," ya ce. "Tun kana yaro na san mugu ne kai. Na ba ka ƙanwata don in huta da kai, ban huta ba. Jefa ƙwaya."

Tela ya jefa, kuma bai tausaya ba. Ya zagaya ta bayan daji ya harbe biyun da suke kwance a rigingine, ya jira sojojinsa suka huta a zagayensu, ya tsallaka kogi ya kama garin. Janar yana zaginsa da nauyin bakinsa, yana kiransa mai wuyan allura, yana cewa yaƙin matsorata ne harbin wanda ya faɗi. Sau biyu filayar tana faɗuwa daga hannunsa, sau biyu yana mayar da ita da kansa. Kafin rana ta sauka daga taga rundunar ƙarfe ta ƙare, tara a maƙabarta, uku a hannu. Ƙanwar tana zaune a bakin ƙofa ta daina harara, tana ta gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Tela ya buɗe jan littafin, ya nemo inda rubutun Farfesa ya tsaya shekara uku da suka wuce, ya rubuta a ƙasa da nasa sawun kazar cewa Tela ya ci, Janar ya kife sau goma sha ɗaya. Ya karanta da ƙarfi.

"Sha biyu," in ji Janar. "Ba ka ga wanda ya faɗi bayan dutse ba. Marigayi da ya gani. Gyara."

Ya gyara. Da za su tafi Janar ya ƙi a cire masa safar. Ya sa hagu cikin maƙabarta ya ɗebo fulogi uku, har da Toron Giwa, ya zuba a aljihun da hannun yake kwana a da, ya fita da filayar tana lilo a gefensa.

Bayan kwana uku matar Tela ta shigo shago da rahoto, ya tsayar da keke. Ta ce maiɗakin Yaya tana ƙorafi, wai tun safe ba a jin komai a gidan sai ƙarar ƙarfe yana faɗuwa a kan farantin shayi, ƙwal, ƙwal, da tsaki a bayansa. Ya fasa mata kofi ɗaya. Yatsa biyu sun fara buɗewa da kansu, sauran ukun har yanzu sai da taimakon hagu. Ƙwallon likita kuwa tana nan ƙarƙashin gado, ya ce kada wanda ya ɗauko masa ita.

"Ya kuma ce in gaya maka," in ji ta tana ƙoƙarin ɓoye murmushi, "gangar nan da gaske ta lotsa. Ka sa mata katako kafin ranar hutu, don ba ya so ka samu abin fakewa idan ya ci ka."

Tela ya ce to. Ya ƙarasa ɗinkin da ke gabansa, ya yanke zare, ya tashi neman katako.